Ina son naɗar jita a kwamfuta daga ɗakina, ta ina zan fara?

Ɗan_Agege:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu ilimin situdiyo ku taimaka min da shawara. Yau shekara biyu ke nan ina kaɗa jita, kuma na haɗa 'yan kiɗe-kiɗe nawa na kaina guda huɗu da nake son in naɗa tun kafin su ɓace min a ka. Kuɗin zuwa situdiyo duk mako ba ni da shi, ɗinki nake yi, abin da ake samu na cefane ne da haya. Amma ina da laftof HP, Core i5, ram 8, da jitar katako irin mai ramin sa waya a gindi da ɗan batir a gefe.

Shekaranjiya na sayo ɗan kan nan da ke mayar da babban bakin wayar jita ƙarami, na cusa shi a ramin da ake sa iyafis. Abin da ya fito bai yi daɗin ji ba ko kaɗan. Sautin siriri kamar daga cikin gwangwani, ga wani ƙugi da ba ya tsayawa, kuma in na taɓa tsirkiya sai an ɗan jima nake jin ta a kunne, har hannuna ya rikice. Laftof ɗin ne bai isa ba, ko jitar ce? Me ya kamata in fara saya?

Injiniya_Ojo:
Wa alaikumus salam ƙanena. Kwantar da hankalinka, laftof ɗinka ya isa har ya yi yawa. Naɗar jita ɗaya ba ta cin ƙarfin kwamfuta. Matsalar ƙofar da ka shigo ta ce. Ramin nan na iyafis an yi shi ne don ɗan makirfon kiran waya, kuma a yawancin laftof na yanzu rami ɗaya ne ke ɗaukar kunne biyu da makirfo a tare. Duba bakin iyafis ɗin wayarka za ka ga zobe uku baƙaƙe, wayar jita kuwa zobe ɗaya gare ta. To ka ga tun a nan ba su dace ba, sa'a ma ka yi da wani sauti ya shiga.

Abin da kake bukata shi ne saunkad na waje, ɗan akwatin da ake haɗawa da kwamfuta ta USB. Wayar jita ta shiga gabansa, hedifon ma a jikinsa za ka sa, ba a jikin laftof ba. Ka tabbatar akwai rami ko maɓalli da aka rubuta INST ko Hi-Z, wannan shi ne na jita. Waɗanda aka fi samu a nan Legas su ne Focusrite Scarlett Solo da 2i2, da Behringer, da M-Audio M-Track. In ka je Alaba ɓangaren kayan sauti za ka gan su, a Computer Village ma ana samu. Farashi ba zan faɗa ba, don yana bin dala, abin da na saya bara ba shi ne na yau ba.

SaniBeatz:
FL Studio kawai ka sa a matsayin manhajar naɗa, shi kowa ke amfani da shi daga nan har Kano. In ka maƙale ko wane yaron situdiyo zai iya nuna maka.

Injiniya_Ojo:
Sani, maganarka gaskiya ce ta fuskar samun mai koya masa. Amma a faɗa masa dukan zancen. FL hawa-hawa ne, ƙaramin da ake kira Fruity ba ya naɗar sauti daga waje, sai daga Producer zuwa sama. Na gwaji kuma yana bari ka adana aiki amma ba ya bari ka sake buɗe shi sai ka biya. Mutumin da jita ce gabansa ba haɗa ganguna ba, ni Reaper zan nuna masa. Fayil ɗinsa ƙarami ne, bai kai megabait 30 ba, ba zai cinye maka data ba. Kwana 60 kana gwada shi da komai nasa a buɗe, lasisinsa na mai ƙaramin ƙarfi kuma dala 60 ne.

Ummi_IdiAraba:
Ni dai da Audacity na fara kuma har yau ban bar shi ba. Kyauta ne gaba ɗaya, kuma maɓallin ja ɗaya ne, ka danna ka fara. Waƙoƙin baka nake karantawa ina naɗa, ƙanena yana bi na da jita a baya. Da na buɗe Reaper ranar farko rufe shi na yi, abubuwan sun yi min yawa a ido. Ɗan_Agege, in burinka kawai kada kiɗan nan huɗu su ɓace, kada ka jira sai ka iya babbar manhaja.

Ɗan_Agege:
Na gode ƙwarai Yaya Injiniya, na gode Anti Ummi. To shi ƙugin nan fa? In na sayi saunkad zai tafi?

MaiWayarin_Mushin:
Kafin ka kashe ko kwabo, yi wannan gwajin yau da dare. Cire cajar laftof ɗin daga soket, ka bar shi a kan batir kaɗai, sannan ka saurara. Wutarmu a Najeriya tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, wato Hz 50, kuma ƙugin da kake ji galibi muryar wutar ce ta biyo caja ta shiga cikin sautin. Aikina ne wayarin, kuma gidajen haya da yawa da nake shiga a Mushin da Agege soket ɗinsu waya biyu ce kawai a ciki, ta ukun mai sauka ƙasa ba a ja ta ba. In babu ita, dattin wutar ba shi da hanyar fita sai ta jikin kayanka.

Wani abu kuma, don na ga samari na yi. Kada ka karya ƙafa ta uku ta fulogi wai don ƙugi ya tafi. Wani lokacin yana tafiya ɗin, amma ƙafar nan ita ce tsakaninka da jan wuta, kuma kai ƙarfe ne a ƙarƙashin yatsunka. Rai ya fi kiɗa.

Ɗan_Agege:
Allahu akbar. Malam MaiWayarin, yanzu na gwada. Ina zare caja ƙugin ya ragu sosai, saura ɗan kaɗan. Na mayar, ya dawo. Na sake zarewa, ya tafi. Wallahi kwana biyu ina zargin jitar.

MaiWayarin_Mushin:
Madalla. To ka riƙa cika batir kafin ka zauna. Ragowar kaɗan ɗin saunkad da waya mai kyau za su rage shi.

Agali_Obalende:
Salam 'yan uwa. Ni mutumin Agadas ne, shekarata shida a Legas, jitar lantarki nake kaɗawa irin ta wajenmu. Ina so in ƙara a kan maganar ƙugi, don tawa matsalar ta fi tasa. Jitata irin mai siraran maganaɗisu uku ce a ƙarƙashin tsirkiya, kuma irin waɗannan suna tsintar wutar da ke cikin iska ma, ko da caja ba ta jiki. In na zauna ina fuskantar laftof sai ta yi ta kuka, in na juya kujera a hankali sai in kai wani gefe da take yin shiru. Na sa alama da alli a ƙasa, kullum a nan nake zama. Fitilar nan doguwa da fanka ma ina kashe su. Wayar salula kuma a kai ta nesa.

Ɗan'uwa, tunda taka ta katako ce wannan ba zai dame ka sosai ba, amma na rubuta saboda masu irin tawa da ke karantawa.

Bash_Mile12:
Malam Agali, kai kana sa amfilifaya ne ka kafa mata makirfo, ko kai tsaye kake shiga?

Agali_Obalende:
Kai tsaye. Ɗakina ɗaya ne, bango ɗaya ya raba ni da mai jego, ba zan kunna amfilifaya da dare in hana jariri barci ba. Jita ta shiga saunkad, a cikin Reaper sai in ɗora mata fulogin, wato ƙaramar manhajar da ake ƙarawa a ciki, mai kwaikwayon amfilifaya. Akwai na kyauta masu kyau, AmpliTube yana da na kyauta, Guitar Rig ma haka, ga kuma Neural Amp Modeler wanda shi kyauta ne ɗungurungum. Abin da na fi so a wannan hanya shi ne abin da aka naɗa sautin jitar ne tsantsa. Gobe in na ji kaifin ya yi yawa sai in canza amfilifayar ba tare da na sake kaɗawa ba. Amma gaskiya ba ɗaya ba ne da tsayuwa a fili wajen biki, lasifika na tura maka iska a ƙirji. Wannan ina kewarsa.

Malam_Tanimu:
Ina da ɗan gyara a kan maganar Injiniya ta farko, tare da girmamawa. Ya ce a nemi INST, kuma daidai ne a nema. Sai dai jitar yaron nan tana da batir, ma'ana akwai ƙaramar na'urar ƙarfafa sauti a cikinta, don haka ba ta dogara da wannan ramin kamar yadda jitar Malam Agali ta dogara ba. Ta Agali in ba a sa ta a INST ba sautinta dushewa zai yi, kaifin ya tafi. Ta Ɗan_Agege za ta yi aiki ko ta wace hanya. Abin da ya fi muhimmanci gare shi shi ne batirin nan mai kusurwa huɗu, bolt 9. In ya yi sanyi sauti na fara karyewa yana ƙarau-ƙarau, mutum ya yi ta zargin saunkad. Kuma ka riƙa zare waya daga jitar in ka gama, don a yawancinsu muddin waya na ciki batir na ci.

Sannan in faɗi ra'ayina, wanda na san wasu ba za su yarda ba. Jitar katako ta waya ba ta taɓa yi min daɗi ba. Abin da ke ƙarƙashin tsirkiyar girgizar tsirkiya kawai yake ji, ba ya jin katakon, ba ya jin iskar da ke cikin cikinta. Shi ya sa sautin ke fita da tauri kamar roba. Makirfo shi ke kama jitar yadda kunnenka ke jin ta. Ka kafa shi wajen gaɓa ta 12, kusa da inda wuya ya haɗu da jiki, nisan santimita 20 zuwa 30. Kada ka kafa shi saitin ramin tsakiya, duk sabon shiga can yake kai shi, sai sauti ya fito da kumburi, ba ka jin komai sai bum-bum.

Injiniya_Ojo:
Na karɓi gyara Malam, ban lura da maganar batirin ba. Amma batun makirfo, a Agege fa yake. Ka san wurin.

Ɗan_Agege:
Gaskiyar Yaya Injiniya ke nan. Gidanmu bai da nisa da titin jirgin ƙasa, ga jiragen sama masu sauka Ikeja ta kanmu suke bi, har kwanon rufi na amsawa. In an ɗauke wuta kuma janareta biyar ne ke tashi a tsakar gida. Da rana ga masu Keke da 'yan danfo. Ban san lokacin da makirfo zai ji jita ita kaɗai ba.

Ummi_IdiAraba:
Akwai lokacin, sai dai ka sayar da barci ka saye shi. Ni tsakanin ƙarfe 2 na dare zuwa kafin kiran assalatu nake yi. Lokacin masu janareta sun kashe, titi ya kwanta. Ina kashe fanka, in zare firij, in shimfiɗa darduma biyu a kan tayil, in jingina katifa a bango bayana, in buɗe wadrob ina fuskantar kayan sawa. Zufa kam za ka sha ta, minti 20 sai ka tsaya ka kunna fanka ka huta. Amma amsa-kuwwar ɗakin tana mutuwa sosai. Ranar da na fara yin haka na saurari muryata na ji har numfashina a fili, babu wannan ƙarar ta kamar kana magana a banɗaki. Na daɗe zaune ina maimaita shi.

Kai ma tela ne, yadi ba zai yi maka wuya ba. Labule mai kauri ko bargo a rataye ya fi bango tsirara nesa ba kusa ba.

SaniBeatz:
A manna kwalin ƙwai a bango, shi ke nan an gama.

Injiniya_Ojo:
A'a Sani, wannan maganar ta daɗe tana yawo amma ba ta da ƙarfi. Kwalin ƙwai ba ya hana ƙarar waje shigowa ko kaɗan, abin da ke tare ƙara nauyi ne da toshe kafofi. Amsa-kuwwar ma ɗan abin da yake ragewa bai kai na bargo ɗaya ba, ga tara kyankyasai, ga haɗarin gobara. Dabarar Hajiya Ummi ta fi.

Ɗan_Agege, ga yadda nake gani. Ka fara da waya, tunda ita ba ruwanta da jirgi ko janareta, ko da tsakar rana za ka iya aiki. In ka samu hali daga baya ka ƙara makirfo. Shi ya sa in kuɗinka ya kai, ka ɗauki saunkad mai ƙofa biyu, wata rana za ka so ka naɗi waya da makirfo a lokaci guda ka gauraya su. In za ka sayi makirfo a wuri mai hayaniya, irin su Shure SM57 sun fi haƙuri, don sai abu ya matso kusa suke kama shi da ƙarfi. Kondensa irin na situdiyo yana jin komai har kukan akuyar maƙwabta, kuma yana bukatar ka danna maɓallin 48V kafin ya yi aiki.

Baba_MaiGurmi:
Yarana sannunku da ƙoƙari. Jikana ne ke rubuta min. Ni gurmi nake kaɗawa tun ina saurayi a Gumel, yanzu ina zaune wajen ɗana a Idi-Araba. Ina karanta zancenku ina jin daɗi. Tambayata, wannan akwatin da kuke faɗa zai ɗauki gurmi? Shi ba shi da ramin waya. Akwai kiɗan da na koya wajen maigidana, Allah ya jiƙansa, waɗanda ban san wani mai rai da ya iya su ba yanzu. Yaran yanzu duk fiyano suke bi.

Malam_Tanimu:
Allah ya ƙara lafiya Baba. Zai ɗauka sarai, da makirfo. Gurmi da kuntigi da garaya duk hanya ɗaya ce, a kafa makirfo kusa da fatar amma a ɗan karkace, kada ya yi saitin inda yatsa ke bugu. Baba, wannan aikin bai kamata a jinkirta shi ba. Ni a Surulere nake, ba nisa. In ka yarda zan ɗauko kayana in zo ranar Asabar, ba sai an biya ni komai ba. Jikanka ya yi min magana ta akwatin sirri.

Baba_MaiGurmi:
Allah ya yi maka albarka, ya raya zuri'a. Ina jiranka.

Ummi_IdiAraba:
Malam Tanimu, in an yi don Allah a naɗa har da bayanin Baba, sunan kowane kiɗa da wanda ake yi wa shi da lokacin da ake yin sa. Wannan ma kada ya ɓace.

Bash_Mile12:
Mu dawo kan mai tambaya, akwai abin da har yanzu ba a amsa masa ba, jinkirin da yake ji. Kuma ina da gargaɗi a kan saye. Ni araha na bi na sayi wata waya mai USB a kai, ba suna ba komai a jikinta, mai shagon ya rantse min ita ma saunkad ce. Tsuwwarta ta fi kiɗan ƙarfi. Na mayar ya ce an buɗe kwali ba a karɓa. Araha ba ta ado. Bayan nan na sayi tokumbo na gaske, amma sai da na tafi da laftof da jita har shagon, na zauna na gwada kowane rami, na murɗa kowane maɓalli ina saurare da hedifon ko zai yi ƙaras-ƙaras. In mai kaya ya ƙi a gwada, ka yi gaba abinka.

Injiniya_Ojo:
Na gode Bash da tunatarwa. Jinkirin ga asalinsa. Kwamfuta ba ta sarrafa sauti ɗigo-ɗigo, tara shi take yi a ɗan ma'aji sannan ta miƙa, shi ake kira bafa. In ana auna sautin sau 44,100 a daƙiƙa, bafa 128 kusan milisakan 3 ne (milisakan ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na daƙiƙa), 256 kusan 6, 1024 kuwa ya haura 23. Kuma sautin shiga zai yi ya fito, don haka ka ninka, ka ƙara ɗan abin da na'urar kanta ke ci. Don ka gane girman abin, sauti na tafiyar kusan santimita 34 a milisakan ɗaya. Jinkirin milisakan 10 kamar ka tsaya mita uku da rabi ne daga lasifika, hannu ba ya damuwa da wannan. Amma in ya kai 40 ko 50 dole ka rikice.

Magani uku ne. Ka sauke direban ASIO na saunkad ɗinka, wato 'yar manhajar da ke haɗa shi da kwamfuta, daga shafin kamfanin, ka zaɓe shi a cikin manhaja, don hanyar sauti ta Windows ta yau da kullum ita ce mai jan ƙafa. Focusrite na da nasu direban. Ƙananan Behringer irin UM2 da UMC22 da ASIO4ALL ake tafiyar da su, UMC202HD kuwa yana da nasa. Sai ka sa bafa a 128 ko 256 lokacin naɗa, in ka ji sauti na tartsatsi ka ɗaga shi. Na ukun ya fi sauƙi, akwai maɓalli a jikin akwatin da aka rubuta Direct Monitor, shi yana juyo maka sautin jitar kai tsaye zuwa kunne kafin ya shiga kwamfuta, babu jinkiri sam. Mai jitar katako wannan ya ishe shi. Hajiya Ummi, Audacity ba ya zuwa da ASIO, don haka in shi zai bi, wannan maɓallin ne abin dogaronsa.

Hedifon kuma mai waya. Na Bluetooth jinkirinsa ya fi duk wanda muka lissafa.

SaniBeatz:
Maganar dala 60 ɗin nan fa Oga, wa ke biya? A kasuwa za a zuba maka komai a filas, FL da fulogin ɗari, kuɗi kaɗan.

Ummi_IdiAraba:
Sani, ni ban ga dalili ba tunda ga na kyauta halal suna aiki. Mu da muke kuka in an ɗauki waƙarmu an sa a wani wuri ba izini, bai dace mu yi wa wasu haka ba.

Bash_Mile12:
Ban da haƙƙi ma, irin wannan filas ɗin ne ya sa wa wani abokina ƙwayar cuta a kwamfuta, aikin wata takwas ya tafi. Kuma fulogin ɗari ba abin da za su yi wa mai farawa sai raba masa hankali.

SaniBeatz:
Na ji, amma ku ma ku san ba kowa ke da katin da ke biyan dala ba. Ni dai a nan na koya, kuma da shi nake ciyar da gida.

Malam_Tanimu:
Wannan matsalar katin gaskiya ce, ba za a musa maka ba. Shi ya sa ake nuna wa sababbi na kyautar tun farko.

Hauwa_Ajah:
Ni tambayata daban. Ba ni da laftof sam. Waya fa? Na ga ana maganar BandLab.

Agali_Obalende:
Yana yi 'yar'uwa. BandLab kyauta ne kuma za ki iya jera sauti a kan sauti. Da babu gara ba daɗi, ni kaina a waya nake kama sabon kiɗa in ya zo min a hanya. Sai dai a wayoyin Android da yawa jinkirin na da yawa, kuma allon ƙarami ne wajen gyara. In za ki tura wa wani abin da kika naɗa ta WhatsApp, ki tura shi a matsayin fayil, kada ki yi shi saƙon murya, don saƙon murya matse sauti yake yi.

Ɗan_Agege:
Salam jama'a, na dawo bayan kwana tara. Na haɗa kuɗin ɗinkin anko guda biyu na je Alaba, na samo tokumbo mai ƙofa biyu, na gwada shi a gaban mai shagon kamar yadda Yaya Bash ya ce. Na sa Reaper. Daren jiya a kan batir na naɗi kiɗana na farko, kuma wallahi da na saurara sai da idona ya kawo ruwa, ban taɓa jin hannuna daga waje ba. Na kuma ji kurakuran da ban san ina yi ba, ina gudu a tsakiya in dawo a hankali a ƙarshe.

Matsala biyu. A kunnen hagu kaɗai yake fita. Kuma in na buga da ƙarfi fitilar akwatin na yin ja, wurin sai ya fashe.

Injiniya_Ojo:
Barka ƙanena, ka shigo gida. Na farkon kowa ya taɓa faɗawa ciki. Layin da ka buɗe ka sa shi yana ɗaukar ƙofa ta 1 da ta 2 a tare, ta 1 ta tafi hagu, ta 2 da ba komai a cikinta ta tafi dama. Ka canza shigarsa zuwa mono, ƙofa ta 1 kaɗai, zai dawo tsakiya.

Na biyun, ka rage maɓallin Gain. Ka buga mafi ƙarfin bugun da ke cikin kiɗan, ka murɗa har ma'aunin Reaper ya tsaya wajen -12, kada ya wuce -6. Sifili shi ne rufi, abin da ya buge shi ya fashe ke nan, ba manhajar da za ta ɗinke shi. Kada ka damu in ka ga zanen sautin ƙarami, in ka saita ingancin naɗa a kan bit 24 za ka ɗaga shi daga baya ba tare da ya lalace ba. Wajen ajiya ma ba abin tsoro ba ne, minti ɗaya na layi ɗaya kusan megabait 8 ne. Ka riƙa kwafe aikin a filas duk ranar da ka yi.

In ragowar ƙugi na nan, akwai fulogin tace sauti mai suna ReaEQ a cikin Reaper, ka yanke duk abin da ke ƙasa da Hz 70. Tsirkiyarka mafi kauri tana wajen 82, don haka ba ka taɓa kiɗan ba. Ba zai share duka ba, don ƙugin na da 'ya'ya a 100 da 150, amma za ka ji bambanci.

MaiWayarin_Mushin:
A ƙara da cewa in a kan ƙaramin janareta ne wannan lissafin ba ya zama daidai, don juyinsa hawa da sauka yake yi gwargwadon kayan da aka ɗora masa. Inbata mai araha ma tana da nata zuzar. Batirin laftof dai shi ne mafi tsafta.

Malam_Tanimu:
Batun gudu da ka ji a hannunka, kunna metronom ɗin cikin Reaper, wato ɗan bugun da ke ƙirga maka lokaci, a kunne ka bi shi. Kwanakin farko zai takura ka. Amma ranar da za ka so ɗora jita ta biyu ko kalangu a kai za ka gode masa. Ka kuma saita tsirkiya kafin kowace ɗauka, ba sau ɗaya a dare ba. Damshin Legas na sa tsirkiya tsatsa da wuri, ka riƙa goge ta da ƙyalle in ka gama, in za ka yi naɗar gaske kuma ka sa sababbi kwana ɗaya ko biyu kafin nan don su zauna.

Agali_Obalende:
A nan ni da Malam mun ɗan rabu. Kiɗan wajenmu numfashi yake yi, yana ɗan hanzari in ya yi zafi, tafi na bin sa. In na ɗaure shi da metronom sai in ji ya mutu a hannuna. Ni nakan fara naɗar tafi ko bugun jikin jita da hannuna tun daga farko har ƙarshe, sannan in bi wannan. Ɗan'uwa ka gwada duka biyun a kiɗa ɗaya ka ji wanda ya fi kama da kai.

Malam_Tanimu:
Ban ƙi taka ba Malam Agali, amma kai ka riga ka mallaki lokacinka, shi kuwa yanzu yake nema. Af, na je wajen Baba ranar Asabar. Mun samu guda bakwai kafin ruwan sama ya sauko a kan kwano ya tsayar da mu. Saura biyar, sai mako mai zuwa.

Ɗan_Agege:
Na gyara mono ɗin, ya dawo tsakiya, jan ma ya daina. Yau da dare zan gwada kiɗa na biyu, sau ɗaya da metronom sau ɗaya da tafi. Malam Tanimu, in za ka koma wajen Baba don Allah ka tafi da ni, ko riƙe waya ne in yi, ina son in ga yadda kake kafa makirfon.

Hauwa_Ajah:
Kafin ku watse, shi saunkad ɗin nan ana iya haɗa shi da waya kuwa, ko sai laftof? Tawa mai ramin Type-C ce.